Cike Teku da Yashi: Ina Haƙƙin Maƙwabci?

Sanin kowa ne, musamman waɗanda suka daɗe da zama a Ikko, cewa wurin nan da ake kira Bar Beach a da babu shi yanzu. Inda igiyar ruwa take dukan gaɓa har ta haye Titin Ahmadu Bello, inda masu tsire da masu yawo da dawaki suke neman abin kai wa bakin salati ranar Lahadi, yau an zuba yashi an daɓe, an shata tituna, an tsayar da benaye. Tun cikin 2008 aka kama wannan aiki na Eko Atlantic, nufin kuwa shi ne a ƙwato fili mai faɗin murabba'in kilomita 10 ko kusa da haka daga hannun teku, a tare shi da katangar dutse.

Wanda ya tsaya ya dubi irin wannan aiki yakan ɗauka riba ce tsantsa, tun da ba a tashi garin kowa ba, ba a ƙwace gonar kowa ba, ruwa kawai aka kora. Wannan zato kuwa kuskure ne. Yashin da aka zuba daga wani wuri aka ɗebo shi, ruwan da aka tare kuma tilas ya nemi wata hanya. In aikin yana tsakiyar gida ne, talakan bakin ruwa shi ke ɗanɗana kuɗarsa, gwamnati kuma tana iya toshe kunne. In kuwa yana kusa da iyaka, to wanda abin ya taɓa yana da tuta da soja da jakadu, magana kuma ta tashi daga ƙorafin masunta ta zama ta gwamnati da gwamnati. Haka ta faru a gabashin Asiya, tsakanin Singafo da Maleshiya, kuma labarin nasu ya isa a tsaya a kansa.

Singafo tsibiri ce ƙarama a ƙarshen kudancin Maleshiya. Wani siririn mashigin teku ne ya raba su, mashigin Johor, wanda gadar da aka daɗe da ginawa a kansa tsawonta bai wuce kilomita ɗaya da 'yan kai ba. Ƙasa ɗaya suke na ɗan lokaci, sa'an nan suka rabu ran 9 ga watan Agusta 1965, rabuwar da ba ta daɗi ba. A wancan zamani faɗin Singafo duka bai wuce murabba'in kilomita 580 da ɗoriya ba. Yau ya haura 730. Watau ƙasar ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ba tare da ta ci kowa da yaƙi ba, ba kuma tare da ta sayi taku ɗaya a hannun wani ba. Duk daga teku ta samo shi.

Abin ya samo asali tun 1822, lokacin da Turawan Ingila suka rushe wani ɗan tudu suka cike fadamar bakin kogi da ƙasarsa. Bayan samun mulkin kai sai aikin ya bunƙasa ainun. Babban filin jirgin samansu na Changi, wanda aka buɗe a 1981, wani sashinsa a kan ciko yake. Tsibirin Jurong, inda matatun mai da masana'antu suke, ƙananan tsibirai bakwai ne aka cike tsakaninsu suka zama ɗaya. Babu mai hankalin da zai ga laifin mutanen da suka fi miliyan biyar a ɗan wurin da bai kai wata ƙaramar hukuma a Borno ba don sun nemi inda za su sa ƙafa. Amma muddin suna rushe tuddansu suna cike gaɓar da ke fuskantar buɗaɗɗen teku, babu wanda ya tanka. Rigima ta taso ne sa'ad da ciko ya doshi mashigin da suke tarayya da maƙwabciya, a Tuas ta yamma da kuma tsibirin Tekong ta gabas.

Da ma akwai jiƙaƙƙiya tsakaninsu. Ruwan sha da Singafo take saye daga Jihar Johor, bisa yarjejeniyar 1962, a kan sen 3 kowane galan dubu, ya daɗe yana ci wa 'yan siyasar Maleshiya tuwo a ƙwarya. Sai ga wannan. Maleshiya ta ce cikon yana matse hanyar da jiragen ruwa suke bi zuwa tashoshinta, yana ƙara wa ruwa gudu, yana zaizaye gaɓarta a wani wuri yana tara laka a wani, yana kuma kore kifin da masuntanta suke rayuwa a kai. Har ila yau ta ce wani ɗan yanki da aka cike a Tuas yana cikin ruwan da taswirarta ta 1979 ta nuna nata ne. Singafo ta amsa da cewa a cikin ruwanta take aiki, kuma ba a kawo mata hujjar ɓarna ba. Aka yi ta musayar takardu babu inda aka je. Ran 4 ga watan Yuli 2003 Maleshiya ta shigar da ƙara bisa Dokar Teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a watan Satumba kuma ta garzaya Kotun Dokar Teku da ke Hamburg a Jamus, tana neman a tsayar da aikin nan take.

Ran 8 ga watan Oktoba 2003 alƙalan suka yanke hukunci baki ɗaya, kuma kowane ɓangare ya koma gida yana shelar shi ya yi nasara. Kotun ba ta tsayar da ciko ba. Amma ta umurci Singafo kada ta gudanar da shi ta hanyar da za ta jawo wa haƙƙin Maleshiya lahanin da ba ya gyaruwa, ko ta yi wa teku mummunar ɓarna. Ta kuma umurci ƙasashen biyu su kafa kwamitin masana masu zaman kansu, su auna abin da aikin yake haifarwa cikin shekara guda, su riƙa kuma musayar labari a kai a kai. Abin lura a nan shi ne kotun ba ta karɓi hujjar nan ta "cikin gidana nake" a matsayin ƙarshen magana ba. Mashigin na mutum biyu ne, saboda haka ɗaya ba zai canza masa kama ba sai ya sanar da ɗayan.

Masanan suka yi aikinsu, biyu daga zaɓin kowace ƙasa. A ƙarshen 2004 suka ba da rahoto cewa ba su ga babbar ɓarna ba, sai dai akwai ƙanana da matsakaita masu yawa da ya kamata a gyara. Ran 26 ga watan Afrilu 2005 aka sa hannu kan sulhu. Singafo ta yarda ta sake fasalin gaɓar da take ginawa a Tekong don ruwa ya sami hanya, ta biya dalar Singafo 300,000 don a kare gindin wata matsayar jiragen ruwa ta Maleshiya a Tanjung Belungkor daga zaizaya, ta kuma ba da ringit 374,400 a raba wa masunta, kowane mutum ringit 5,200. In aka yi lissafi masunta 72 ke nan. A canjin wancan lokaci kuɗin masuntan duka bai kai dalar Amurka 100,000 ba.

Mai karatu ya dubi wannan adadi da kyau. An tara manyan lauyoyi a Jamus, an ɗauki shekara biyu ana kai da kawowa, jaridun ƙasashen biyu suna zuga jama'a, alhali kuwa abin da ya kashe wutar daga ƙarshe bai kai kuɗin gida ɗaya a Ikoyi ba. Da tun farko an kira maƙwabciya an shimfiɗa mata taswirar aikin, an ce ta kawo masananta su duba, da abin da aka kashe kan shari'a ya isa a sallami masuntan ninki ba ninki. Girman kai ne ya yi tsada. Ƙaramar ƙasa mai arziki ba ta so a ce tana neman izni a wurin wadda ta kore ta, babbar kuma ba ta so a ce ana yin abu a bakin ƙofarta ba a gaishe ta ba. Ba a kuma rasa nasaba ba tsakanin sulhun da canjin shugabanni, gama Mahathir Mohamad ya sauka a ƙarshen Oktoba 2003, Abdullah Badawi ya hau, a Singafo kuma Lee Hsien Loong ya karɓi ragama a 2004. Sababbin mutane ba su da tsohuwar gaba da za su kare.

Wannan ɓangaren ruwa ke nan. Ɓangaren yashi ya fi shi muni, ko da yake ba a kai shi gaban alƙali ba. Da tuddan Singafo suka ƙare sai ta koma saye, har ta zama ɗaya daga cikin manyan masu sayen yashi a duniya. Ɗan Arewa zai yi mamaki, ya ce ai ga rairayi nan jibge daga Yusufari har Agadas ba mai so. To, rairayin hamada iska ta goge shi ya yi sumul, ba ya kama siminti yadda ake so, magina kuwa yashin kogi da na gindin teku suke nema. Saboda haka jiragen yasa suka bazama cikin ruwan maƙwabta. Maleshiya ta hana fitar da yashi a 1997. Aka koma Indunusiya, wajen tsibiran Riau da ke kudu da Singafo. Can ne abin ya kai har wani ɗan tsibiri mai suna Nipah ya kusa nutsewa in ruwa ya cika. Nipah kuwa ba wurin wasa ba ne ga Indunusiya, domin yana cikin wuraren da take auna iyakar ruwanta daga kansu. In ya ɓace, hujjarta kan iyaka ta raunana. Dole ta kashe kuɗi ta sake cike shi, ta tsare shi da dutse, ta ajiye soja. Wannan shi ne abin takaici: ƙasa ta sayar da yashi har gefenta ya fara narkewa, wadda ta saya kuma tana ƙara matsowa. Indunusiya ta hana fitar da yashin teku a 2003, ta ƙara da na tudu a farkon 2007, nan da nan farashin yashi ya yi tashin gwauron zabo a Singafo, har gwamnati ta buɗe rumbunta na yashi, gama ƙasar tana tara shi kamar yadda ake tara hatsi don gudun yunwa. A 2023 Indunusiya ta fitar da dokar da ta sake buɗe ƙofar, masuntanta kuwa suka yi ca a kai.

Da aka rufe nan sai 'yan kwangila suka nausa Biyetnam da Kambodiya. A lardin Koh Kong na Kambodiya jiragen yasa suka yi shekaru suna kwashe gindin koguna, masu kamun ƙaguwa da kifi suna kuka ba mai ji. Da aka zo gwada littattafai sai aka ga Singafo ta rubuta ta shigo da yashi fiye da tan miliyan 70 daga Kambodiya cikin kimanin shekara goma, alhali abin da littattafan Kambodiya suka nuna ya fita bai kama ƙafar wannan ba. Inda bambancin ya shiga, kowa ya san irin aljihun da yakan shiga. A 2017 Kambodiya ta hana fitar da yashin baki ɗaya. Singafo dai amsarta ita ce 'yan kasuwa ne suke kawo mata, kuma ta shar'anta musu su bi dokar ƙasar da suka ɗebo. Amsa ce da lauya zai yarda da ita, mai kwale-kwale a Koh Kong kuwa ba za ta sa masa kifi a koma ba. Amma a faɗi gaskiya, tsadar yashi ta koya musu dabara. A 2016 suka ba da sanarwar za su bi hanyar mutanen Holan a Tekong, watau a gina ganuwa a kewaye ruwa a tsotse shi da injin, a sami fili kimanin hekta 800 ba tare da an cike shi fal da yashi ba.

Ba a jima ba kuma reshe ya juye da mujiya. A 2014 wani kamfanin ƙasar Sin tare da abokan hulɗa na Johor suka fara cike teku a ɓangaren Maleshiya na mashigin, daura da Tuas, don gina sabon birni mai suna Forest City a kan tsibirai huɗu na ciko. Sai ga Singafo tana aika takarda tana tambayar me aikin zai yi wa ruwa, tana tuna wa maƙwabciya alkawarin musayar labari. Aka tsayar da aikin na wasu watanni har aka yi binciken muhalli. Hujjar da Maleshiya ta kai Hamburg ita ce aka mayar mata, kuma ba ta da bakin musu. A Oktoba 2018 wata ta sake ɓullowa, sa'ad da Maleshiya ta faɗaɗa iyakar tashar jiragen Johor Bahru zuwa ruwan da ke gaban Tuas, jiragen gwamnatinta suka shiga suka kafa anga. Singafo ita ma ta faɗaɗa tata a Disamba. Cikin cacar bakin da aka yi, Maleshiya ta fito fili ta ce ciko ba ya ba ƙasa damar tura iyakarta gaba. Sai a Afrilu 2019 kowa ya janye zuwa inda yake da.

A nan ne ainihin tsoron yake. Dokar Teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa mil 12 na ruwa daga gaɓarta, ta kuma ce tsibirin da mutum ya gina da hannunsa ba shi da nasa ruwan. Amma maƙwabci yana ganin gaɓa tana tafiya kowace shekara, ya san kuma abin da aka gina an gina, babu alƙalin da zai ce a kwashe filin jirgin sama a mayar da shi teku. Inda ƙarfi ya yi yawa ma ba a sauraron alƙalin. Tsakanin 2013 da 2015 ƙasar Sin ta cike duwatsun ƙarƙashin ruwa a tsibiran Spratly ta mayar da su sansanoni. Filifin ta kai ƙara, hukunci ya fito a Yuli 2016 cewa cikon bai ba Sin haƙƙin da ba ta da shi ba, Sin ta ce ba ta san zancen ba, sansanonin kuwa suna nan.

Kada mazaunin Agege ko Sabon Badun ko Fatakwal ya ce wannan labarin nesa ne. Nijeriya ta sha irin wannan, kuma a Arewa ta sha shi, sai dai a nata ba injin ne ya kori ruwa ba, fari ne. A 1963 Tafkin Cadi ya kai murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1973 da na 1984 ya ja da baya har abin da ya rage bai kai ushirin wancan ba. Ƙasa mai albarka ta fito inda dā ruwa ne, tsibirai suka ɓullo inda dā kwale-kwale ke wucewa. Barebari da Hausawa da Shuwa suka bi ruwa yana ja suna binsa, suna su, suna shuka masara da wake a kan laka. Bandar da ake lodi daga Baga zuwa kasuwannin Anaca da Ikko, wadda da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi da ita suka yi jari, daga irin waɗannan wurare take fitowa. Ba wanda ya tsayar da su ya ce ga iyaka, domin iyakar layi ce da Turawa suka ja a takarda a bisa ruwa, ruwa kuwa ba a kafa masa turke.

Tun ran 22 ga watan Mayu 1964 Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi suka kafa Hukumar Tafkin Cadi a birnin da ake kira Fort Lamy a lokacin, amma ba a shata iyaka a ƙasa ba sai da jini ya zuba. A cikin Afrilu da Mayu 1983 sojan Nijeriya da na Cadi suka gwabza a kan tsibiran da suka ɓullo, aka yi hasarar rayuka ta kowane ɓangare. Janar Muhammadu Buhari ne yake riƙe da runduna ta uku ta Jos a lokacin. Bayan wannan ne hukumar ta zauna a Ikko cikin watan Yuli aka yarda a shata iyaka, wani kamfanin safiyo na Faransa ya yi aikin tsakanin 1988 da 1990. Ihu bayan hari, gama a lokacin garuruwa sun riga sun kafu. Nijeriya kuma ba ta tabbatar da sakamakon ba.

Da Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Heg a 1994, Bakasi ce ta cika jaridun Kudu, amma cikin ƙarar har da yankin tafkin. Lauyoyin Nijeriya suka jera garuruwa 33 da suka ce nata ne. Sunayen kaɗai sun isa su faɗi su wane ne suka kafa su: Garin Wanzam, Doron Liman, Sabon Tumbu, Ramin Dorina, sai kuma Darak wadda ta fi su girma. Suka nuna cewa daga Ngala ta Jihar Borno ake mulkinsu, Nijeriya ke karɓar haraji, ita ta kai makaranta da asibiti da 'yan sanda. Ran 10 ga watan Oktoba 2002 kotun ta ce duk wannan bai kawar da takarda ba. Ingila da Faransa sun ja layin tun 1919, sun tabbatar da shi a musayar wasiƙu ta 1931, kuma janyewar ruwa ba ta janye layin ba. A Disamba 2003, wata biyu bayan hukuncin Hamburg, Nijeriya ta sauke tutarta a Darak da sauran garuruwan. An yi shi cikin lumana, kuma wannan abin yabo ne ga Shugaba Obasanjo da Shugaba Biya da Kofi Annan da ya shiga tsakani. Amma masuntan Johor ko ba komai an lissafa su an ba kowa ringit 5,200. Manomin da ya share daji a Darak shekara ashirin, gwamnatinsa tana karɓar harajinsa tana tabbatar masa a gida yake, zaɓi biyu aka bar masa: ya zauna baƙo a gidan da ya gina, ko ya ɗaure kaya.

Laifin a nan ba na talaka ba ne, ba kuma na kotu ba. Na hukumomin da suka san akwai takardar 1931 ne, suka bar jama'a suka zuba ƙarfinsu da dukiyarsu a bayan layi, don kawai faɗin gaskiya a lokacin ba zai yi daɗin ji ba.

A koma bakin teku, inda aka faro. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa igiyar ruwa tana tura yashi daga yamma zuwa gabas a wannan gaɓa, daga bakin Kogin Volta a Gana, ya ratsa Togo da Jamhuriyar Benin, ya iso Badagry da Ikko. Duk wanda ya gina abu ya miƙa shi cikin teku ya tare wa na gabas da shi rabonsa. Bar Beach kanta haka ta mutu: shingayen dutse da Turawa suka gina a bakin mashigin Ikko a farkon ƙarni na ashirin, don jirage su sami shiga, su suka tare yashin ta yamma, teku kuma ya shiga cin gaɓar gabas. Madatsar Akosombo ta 1965 ta rage abin da Volta take kawowa. Tashar jiragen Kwatano da ta Lome, waɗanda aka gina cikin shekarun 1960, kowace ta tara yashi a yammacinta ta bar gabas tana zaizayewa. Fataken da suka daɗe suna bin hanyar Lome sun san tsohon titin bakin teku wajen Aneho ruwa ya cinye shi. Togo da Benin sun gane cewa in ɗaya ya kare gaɓarsa shi kaɗai ɓarnar gidan ɗayan za ta koma, shi ya sa a 2022 da 2023 suka yi aikin kare gaɓar da ke kan iyakarsu tare, da taimakon Bankin Duniya. Nijeriya ita ce a ƙarshen layin, daga Kwatano zuwa Seme kuwa ba wata tafiya ba ce. Abin da aka tare can, nan za a rasa shi.

Saboda haka ya wajaba Gwamnatin Tarayya ta nemi a zauna da Benin da Togo da Gana a ɗaure magana a rubuce, cewa duk wanda zai cike teku ko ya miƙa shinge ya nuna wa sauran taswira da rahoton masana kafin tifa ta farko ta juye. Hanyar tana nan, gama akwai Yarjejeniyar Abidjan ta 1981 kan gaɓar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, Nijeriya kuma ta amince da Dokar Teku tun 1986. Sai dai wanda zai nemi wannan a wurin maƙwabta dole ya fara yinsa a gida. Mutanen Okun Alfa da sauran ƙauyukan gabas da Eko Atlantic sun daɗe suna cewa teku ya ƙara cin gaɓarsu tun da aka fara katangar, masu aikin kuwa suna musantawa. Irin wannan gardama ce masana huɗu suka warware tsakanin Singafo da Maleshiya cikin shekara guda, babu kuma dalilin da zai hana a naɗa masu zaman kansu su auna a buga wa kowa ya gani. Waɗanda suka ga yadda aka rushe Maroko a Yuli 1990, suka kuma ga abin da aka gina a wurin daga baya, ba za su yarda da kalmar baki kawai ba.

A can tafki kuma ruwa bai daina wasansa ba. Wata shekara ya cika ya mamaye gonaki, wata ya ja ya bar sabuwar ƙasa, kuma duk ranar da zaman lafiya ya daidaita a yankin jama'a za su sake binsa kamar yadda iyayensu suka yi. Hukumar Iyakoki ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1987, ita ya kamata ta riga su zuwa, ta faɗa musu da Barbarci da Hausa da Larabcin Shuwa, a rediyo da kasuwanni, inda turakun suke da abin da ke bayansu. Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu su ma suna da nasu aiki, domin kuɗin da ake tarawa a Mile 12 da Idi-Araba ana aikawa gida a sayi kwale-kwale ko a share gona a bakin tafki ba kaɗan ba ne, mai aikawa kuma yana da haƙƙin ya san a ƙasar wa zai zuba shi. Darak dai yau gunduma ce a Jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, wanda ya kafa gida can a 1985 yana zaton yana cikin Jihar Borno kuwa, in yana nan da rai, ga jami'an Kamaru yake biyan haraji.